Tekun da Idi Ya Gani

Tashi daga Dakoro

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka tashi daga ƙofar bariki, cikin wata kamyo, babbar motar kaya mai yawan tari. Mu huɗu ne. Akwai Nasaran da ya zo daga Dakar, wanda mutanen gari suka sa wa suna Mai Katantanwa, don ba abin da yake tambaya sai inda ake samun katantanwar da ta zama dutse. Akwai Tanko shofer, mai tuƙa mu, tsohon soja. Akwai ni Abdu, mushen lakkwal, wato malamin makaranta, da aka ara wa baƙon in yi masa tafinta lokacin hutu. Na huɗu shi ne Idi, ɗan Gwaggo Hajo ƙanwar mahaifina, wato taubashina. An ɗauke shi kuku, ko da yake ni tun da nake ban taɓa ganin ya dafa ko ruwan zafi ba.

Tun ranar da ya sauka Nasaran ya ce in an gama aiki zai tafi da mutum ɗaya har Dakar, ya kula da akwatunan duwatsu a hanya, ya kuma ga teku da jirgin da ke ɗebo laka daga ƙarƙashinsa. Ni kuwa shekara da shekaru ina zana wa yara teku da alli, alhali ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin damina ba. Tanko ya ga teku ya ƙoshi tun lokacin yaƙi. Idi ko gaisuwa bai iya da Faransanci ba. Saboda haka na riga na ba kaina wurin, har na sa an wanke mini kwat ɗina.

Abin ya fara lalacewa tun kafin mota ta motsa. Idi ya dafe ciki ya ce shi in ya zauna baya amai yake yi. Nasara ya ji tausayi ya sa shi gaba. Ni tafinta aka jefa ni baya, bisa akwatuna, tare da jarkar ruwa.

Birnin Lalle

Rana ba ta yi zafi ba muka iso, don ba nisa. Wani gardi, ɗan sandan gwamnati, ya tare mu, da ya hangi farar hular Nasara sai ya ƙame ya sara, muka wuce bakin rijiya. Nasara ya yi ta tonon tulin ƙasar da masu gina rijiya suka fitar, bai samu abin kirki ba. Idi ya dafa shinkafa, ƙasa ta ƙone sama ɗanya. Na ce to, yau asirinsa ya tonu. Ina! Nasara ya ci yana dariya, har da buga masa kafaɗa.

A gindin wata aduwa na tambayi Nasara abin da yake nema a jikin katantanwa. Ya sa aka miƙo masa kankana, ya riƙe. Ya ce duniya ke nan. Kanta da gindinta ƙanƙara ce tsibi-tsibi wadda ba ta narkewa ko da bazara, mu kuma muna nan tsakiya, inda rana ta fi duka. Ruwan teku yana ɗaukar zafi daga tsakiya ya kai wa kan da gindin, sanyinsu kuma ya dawo ta ƙasa. Ya ce an yi zamanin da ƙanƙarar ta yi yawa, teku ya janye, an kuma yi zamanin da babu ita sam, har itatuwa suka tsiro a wurinta, teku ya malalo ya rufe wannan ƙasa da muke zaune a kai. Katantanwa tana gina ɓawonta da abin da ke cikin ruwa, don haka ɗumin ruwan yana barin alama a jikinta, a ƙasarsu kuma an fara samun na'urar da ke gane alamar. Abin da ke hana shi barci shi ne: in ƙanƙara ta ƙaru ko ta ragu, tekunmu na tsakiya yana bin ta ne, ko shi ke fara juyawa ita ta biyo?

Wallahi har na ƙara matsowa kusa da shi. Na yi masa tambayoyi masu kyau, ya ce ina da kai. Na juya in fassara wa Idi, na tarar ya fasa duniyar yana sha.

"Kai bawa," na ce, "ka cinye ƙanƙarar arewa!"

"Ubangidana, ai ba ta da sanyi ko kaɗan," in ji shi, ruwa na bin gemunsa.

Nasara bai ji abin da muka ce ba, amma ya yi dariya har hularsa ta faɗi. A kampama, masaukin baƙi, muka kwana, sauro ya bar kowa ya tare a kaina.

Hanyar Tagriss

Daga nan sai rairayi. Mota ta kafe ya fi a ƙirga. Mu sauka, Tanko ya shimfiɗa ƙarafa ƙarƙashin taya yana zagin uwar injin, mu tura. Ni ke turawa da gaske, Idi kuwa hannu ɗaya ya ɗora yana waƙa. Amma da rana ta take, wa Nasara ya cire hularsa ta biyu ya ɗora wa? Idi. Na ji abin har cikin haƙorina.

Ku da kuke gida kun san tsakanin ɗan namiji da ɗan mace. Uwarsa ƙanwar ubana ce, don haka bawana ne tun ranar suna, in zage shi ya zage ni, ba mai fushi. To, ni a wannan hanya na ƙara wa wasan gishiri, don raina a ɓace yake kuma ba ni da wata ƙofar fitar da shi. Bawa, kawo buta. Bawa, kakkaɓe mini takalmi. Shi kuma ɗan banza sai ya durƙusa har ƙasa yana "To, ranka shi daɗe," yana kallon Nasara ta wutsiyar ido.

Da la'asar muka sauka a zangon wasu makiyaya. Mai zangon ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono mai ɗumi da cuku, ya yanka ɗan akuya. Da aka raba nama na miƙa hannu na ɗauke tsokar da ke gaban Idi, na tura masa ƙashi. Mai zango ya tambaya, aka ce masa taubasai ne, ya yi dariya ya ce in ƙara. Nasara kaɗai bai yi dariya ba, ni kuma ban kula ba.

Tagriss

Gabas da gari ana gina wata rijiya mai zurfin da in ka leƙa mutanen ciki sai ka ga kamar ƙwari. A gefenta an tara wata laka mai ruwan toka. Nasara ya durƙusa, ya fasa dunƙule ɗaya da guduma, sai ya yi ihu kamar an yi masa haihuwa. Katantanwa ce, jere, wasu kamar tafin hannu. Ya ɗora mini ɗaya. Na tsaya a tsakiyar rairayi, raƙuma na kuka a bayana, ga abin teku a hannuna. Na ce a raina, Abdu, ka ga sawunsa, saura ka ga shi kansa.

Muka yini muna naɗe su, na kowane zurfi a akwatinsa. Ni na yi aikin, Idi inuwa ya riƙe wa Nasara da tabarma. Da muka gama, Nasara ya kira ni gefe. Na ce to, ga albishir ya zo. Sai ya ce wace kalma ce nake kiran Idi da ita kullum, bawa, bawa?

Na yi dariya na fassara masa yadda take. Na ƙara da cewa gadonsa na yi, uwarsa ta gidanmu ce, duk abin da ya mallaka nawa ne. Haka kowa ke faɗa a garinmu a yi dariya. Fuskar Nasara ta yi ja kamar gauta. Ya kira Tanko ya ce shi zai yi tafinta, ya kira Idi.

"Wai yana tambaya," in ji Tanko, "gaskiya ne kai bawan Mushe Abdu ne?"

Idi ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne. Tun da anka haihe ni."

"Kai Idi, hwaɗa mashi wasa ne!" na ce.

"Ubangidana, in ka ce in ce wasa ne, sai in ce."

Tanko na fassarawa yana cije leɓe don danne dariya, hawaye na zubo masa. Na yi bayani da Faransancin da ban taɓa yin mai kyawunsa ba, na kawo gwaggo, na kawo kaka, na zana zuriyarmu a ƙasa da tsinke. Nasara ya ce ya ga nama, ya ga takalmi, kuma duk mai bawa haka yake cewa, wasa ne. Ya ce ba zai kai ni gaban kumandan mai mulkin gari ba saboda taimakon da na yi masa, amma wannan mutum ba zai sake kwana a ƙarƙashina ba. Da shi za a Dakar.

Komowa

Ban san yadda hanya ta wuce ba. Na san dai ko sau ɗaya ban tura mota ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da ikon yin fushi, don wanda ya yi fushi da taubashi shi gari ke yi wa dariya. A Birnin Lalle na samu Idi shi kaɗai wajen alwala.

"Mi za ka yi da teku, kai da ko taswira ba ka sani ba?"

"Ni ma ban sani ba," ya ce. "Amma ka taɓa ganin bawa ya ƙaryata ubangidanshi gaban baƙo?"

Muka shigo Dakoro da hantsi. Aka sauke ni da jakata a ƙofar bariki, Idi ya shiga gida ya ɗauko rigarsa, ya kuma aiko a karɓo kwat ɗina, wai ana sanyi a bakin ruwa. Na bayar, don Gwaggo Hajo ce ta zo karɓa, tana sa mini albarka wai na yi wa ɗan'uwana hanya. Mota ta yi kudu da shi a gaba.

Sai bayan kaka ya dawo, ya yi ƙiba, da hular Nasara a kansa. Na daure na je yi masa barka. Na bari mutane suka ragu, sannan na yi masa tambayar da ke cina tun gindin aduwa.

"Idi, ruwan, da ɗumi ko da sanyi?"

Ya dube ni da mamaki. "Wa ya sani? Abin na ta haushi yana tasowa kamar zai ci mutum. Ni daga nesa na tsaya, ban taɓa shi ba."

Na gode wa Allah da ya kai mu Tagriss ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Tanko da masu zangon da suka yanka mana akuya. Na gode wa Mai Katantanwa, duk da abin da ya yi mini, don katantanwar nan tana bisa teburina a lakkwal, kuma duk shekara ina fasa wa yara kankana in nuna musu ƙanƙara da teku. Idi kam ban gode masa ba, kuma har yau bai maido mini kwat ɗina ba.