Itacen Jegona

Unguwarmu ita ce ta ƙarshe a Matameye, daga mu sai kurmi. Gidajen manoma ne, kowa da zanarsa da rumbunsa, babu kasuwa kusa balle hayaniya. Idan ka ji ƙara a unguwar nan, to ko daka ake yi ko jariri ne ke kuka. Kurmin kuwa babba ne, gawo da ƙirya da tsamiya sun haɗa kai har rana ba ta cika taɓa ƙasa ba. Can yara ke wuni, can awaki ke kiwo, daga can kowane gida ke samun itace tun kaka da kakanni.

Shekarar da nake da cikina na biyu, kumandan Nasara ya zo rangadi daga Damagaram, ya sauka a inuwar kurmin, wurin ya yi masa daɗi. Daɗinsa kuwa ya zame mana wahala. Kafin ya tashi aka yi shela cewa kada gatari ya ƙara taɓa kurmi, wanda aka kama aikin hanya za a kai shi. Mun san aikin hanya. Mazan da aka ɗiba daga ƙauyen Dawce, wasu sun dawo a rame kamar kara, wasu labarinsu kawai ya dawo.

Maigidana ya riga ya sari nasa itacen kafin shelar. A wurinmu idan mace ta haihu sai ta yi wankan jego da tafasasshen ruwa, safe da yamma har arba'in, kuma itacen wankan a wuyan miji yake. Yayata kumburi ne ya kashe ta bayan haihuwa, kowa ya ce wanka ne bai ishe ta ba, kuma maigidana yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Shi ya sa tun cikina bai fito ba ya shiga saran ƙirya, ya jibge ta a ƙofar gida yadda maza ke yi, don mai wucewa ya ga an san darajar matar gidan.

Da aka yi shela, maƙwabta suka ce ya shigar da itacen bayan rumbu. Ya ƙi. "Abin da na sara da rana tsaka ba zan ɓoye shi kamar ɓarawo ba," in ji shi. Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne, amma idan ya kafe ko jaki sai ya sallama masa. Na yi fushi, na yi magana har na gaji.

Na haihu lafiya, namiji. An yi suna, an watse, ina cikin wankana. Unguwa kuwa tuni ta koma girki da kara da kashin shanu, hayaƙin ƙirya daga gidanmu kaɗai yake tashi. Kullum na ga hayaƙin nan ya miƙe sama sai gabana ya faɗi.

Wata safiya Inna, uwar mijina, ta kai ni bayan zana tana tsoma ganye a ruwan zafi tana fyaɗa mini, sai muka ji takun doki ya tsaya a ƙofa. Tabaren maƙwabta duk suka yi shiru. Na leƙa ta ɓular zana, na ga jar hula. Gardi ne, dogarin Nasara.

"Salamu alaikum. Ina mai gidan nan?"

Maigidana ya amsa, ya fito da fartanya a hannu.

"Itacen nan na wane ne?"

"Nawa ne. Kafin shela na sare shi, duba ka ga yadda ya bushe."

"Malam, kumandan ba ya duba bushewa. An kai masa labari akwai ƙirya a ƙofar gidan nan, ya ce kada in komo masa hannu banza."

Inna ta ajiye ganyen, ta ja mayafi ta fita. "Ɗan nan, na jego ne," ta ce. "Kai ma da irinsa aka yi wa uwarka wanka."

Sai gardin ya sassauta murya. "Na sani, Iya. To ga abin da zan iya. In an bar ni na kwashe itacen duka, sai in ce a daji na same shi, babu mai shi. In kuma itace zai zauna, sai in tafi da mutum, in ce an riga an ƙone. Ɗaya dai zan kai."

Ruwa yana huce mini a jiki, amma gumi nake yi. Kowa ya san kara ba ya tafasa tukunyar jego, kuma babu gidan da ya rage da itacen da zai ara mana. Na tuna ƙafafun yayata, na tuna mazan Dawce. Ni da ban taɓa ɗaga murya gaban baƙon namiji ba, sai na ji bakina ya buɗe.

"A kwashe itacen! Don Allah a kwashe!"

Unguwa duk ta ji ni. Maigidana bai ko waiwayo wajen zanar ba. Ya jingine fartanyarsa, ya durƙusa gaban uwarsa.

"Inna, kada a bar wutar ta mutu."

Ya miƙe ya bi bayan dokin. Ko jaririn bai shiga ya gani ba, ina jin ya san in ya shiga ba zai iya fita ba.

Da yamma na ce ba zan yi wankan ba. Inna ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "To a banza ya tafi ke nan?" Na tashi na bi ta. Haka muka yi ta yi, ita tana tura itace a murhu, ni ina kuka cikin tururi, ina jin haushinsa ina kuma yi masa addu'a. Na gama arba'in garau, ko yatsana bai kumbura ba.

Sai bayan girbi ya dawo. Yaron har ya fara zama. Ina tsakar gida ina sheƙe gero na ji sallama, muryar na gane, mutumin kuwa sai da na sake dubawa. Wuyansa ya zama siriri, kafaɗarsa duk tabon ɗaukar dutse, yana tari irin wanda bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa. Na kawo masa ruwa. Bai sha ba tukuna, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Itacen ya kai ki arba'in?"

Na ce, "Ya kai, Malam."

Ya ce alhamdu lillahi, sannan ya kafa kai ya sha.