Rubutun Auta a Gefen Shafi

Har yau Mai Waƙa ake kiransa, ko da yake shekara tara ke nan rabon da a ji waƙa daga bakinsa. Ɗakin aikinsa yana bayan majami'armu, tsakanin ma'ajiyar kujeru da famfo. Taga ɗaya gare shi. A ciki akwai tebur, da gwangwanin gam, da zare da manyan allurai, da katako biyu da yake matse littafi a tsakaninsu ya danne da tsofaffin ƙarafan guga, sai wuƙar yanka takarda mai dogon hannu wadda wani gidan buga takardu ya bar masa da za su rufe. Aikinsa ɗinke littattafan waƙoƙin sujada da suka yayyage. Ba wanda ya sa shi, ba kuma mai biyansa.

Ma'aikacin gidan waya ne a da, kuma ya shugabanci ƙungiyar mawaƙa shekara ashirin da shida. Waɗanda suka san shi a lokacin suna cewa idan ya ɗaga murya har gilashin taga yana amsawa. Suna kuma cewa ba shi da sauƙi. Da fensir yake koyarwa. Ya buga shi a bakin tebur sau biyu, kowa ya yi tsit, sai ya nuna wanda ya kauce da tsininsa, ba ya ko kiran suna. Matarsa ma bai ƙyale ta ba. Wata ranar koyo, a gaban mutum arba'in, ya nuna ta ya ce muryarta tana jan na kusa da ita ƙasa. Ta ɗauki jakarta ta fita, kuma har ta rasu ba a sake jin ta tana waƙa ba, ko a wurin wanke-wanke. Shi da kansa ya faɗa mini wannan daga baya.

Shekara biyu bayan rasuwarta ciwo ya kama shi a maƙogwaro. Aka yi masa aiki, ya rayu, muryar ta tafi. Abin da ya rage raɗa ce mai kaushi, sai ka kawo kunne kusa. 'Ya'yansa suna nesa, suna kira a waya, su yi ta magana shi yana saurare. Ya yi shekara guda bai taka majami'a ba. Da ya dawo, ya zauna a bencin ƙarshe, kuma kowa ya san a can ne littattafan da suka lalace suke ƙarewa: wanda ba bango, wanda ya fara daga waƙa ta talatin. Ya ɗauki ɗaya ya tafi da shi gida. Haka aikin ya fara.

Halinsa bai bar shi nan da nan ba, littattafai ya koma wa. Duk wanda ya ɗinke, sai ya sa shi a ƙarƙashin wuƙa ya datse gefen shafukan su tsaya cif, ba ganye ɗaya da ya leƙo. Iya Mai Shara, wadda ke share majami'a tun kafin a sa wa ɗakin rufin kwano, takan tsaya a ƙofarsa da tsintsiya ta ce, "Mai Waƙa, mu dai Allah ya cece mu daga fensirinka, yanzu takardu ne suke shan horo."

Sai ya ɗaga yatsa ya raɗa, "Su ba sa gunaguni."

"Don ba su da baki ne. Ka tambaye su ka ji."

'Yata Auta ta shiga ƙungiyar tana da shekara goma sha ɗaya, ta yi uku a hannunsa kafin ciwon nasa. Shi ne ya koya musu su riƙa rubuta da fensir a gefen shafi inda za su ja numfashi. Auta ta ɗauki abin ta wuce da shi. A gefen littafinta ta rubuta "numfashi" inda ya kamata, amma ta rubuta wasu abubuwan ma, kuma ba ta daina ba har ta girma. "A nan aka harare ni." "Baba yana son wannan amma bai iya ta ba." "Yunwa." "Ya Yesu, jarrabawa gobe." Ta rasu tana da shekara ashirin da uku, bayan ciwon kwana goma sha tara. Aikinta na jami'a duk a kwamfuta yake, wayarta a kulle da lambar da ba mu sani ba, littattafanta na ƙuruciya sun ɓace a wata ƙaura da muka yi. Da na duba gidan ɗaki-ɗaki, na tarar rubutun hannunta da ya rage mana a duniya shi ne wannan na gefen littafin waƙoƙinta. Na ƙirga, wuri saba'in da ɗaya.

Mahaifiyarta ta tafi wurin babban ɗanmu da cewa za ta yi wata ɗaya. A lokacin da nake magana ta yi bakwai. Ba faɗa muka yi ba, gidan ne ya fi ƙarfinta. Ni na zauna. Kullum da safe kafin in tafi aiki nakan buɗe littafin a teburin cin abinci in karanta gefe uku ko huɗu. Addu'a ta gagare ni, majami'a ma na daina zuwa. Buɗewar yau da gobe ta karya ƙashin bayan littafin, shafuka suka fara zubowa.

Wata Talata da rana na kai shi ɗakin Mai Waƙa. Ban same shi ba, ya je asibiti duba maƙogwaro. Ƙofa a buɗe, littattafan majami'a goma sha biyu a jere suna jiran ɗinki. Akwai takarda da biro a aljihuna. Layi ɗaya ya ishe ni: na Auta ne, akwai rubutu a gefe. Na tsaya da biron a hannu, na kasa rubuta sunanta. Na ajiye littafin a kan sauran na fita, ina cewa gobe zan dawo in yi masa bayani. Ban dawo ba.

Ranar Asabar da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne, da ƙyallen da yake rufe wuyansa da shi, takalmansa sun yi buɗu-buɗu, alamar da ƙafa ya zo. Mutum ne da ba ya zuwa gidan kowa. Na ce ya shigo ya zauna, ya girgiza kai. Ya miƙo mini littafin da hannu biyu.

"Baban Auta," ya raɗa, "na yi ɓarna."

An ɗinke shi da kyau, sabon bango baƙi, gefensa sumul. Na buɗe. Da yake bakin shafukan ya cinye da taɓawa, ya datse kusan faɗin yatsa. Inda ta rubuta "numfashi" saura "num". Inda ta ce an harare ta saura "A nan ak". Wasu wuraren ba abin da ya rage sai ɗigon fensir.

Ya ce idonsa ya daina ganin fensir. Sai da ya gama, ya kai littafin taga don dubawar ƙarshe, ya ga sunanta da biro a ciki, ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi gefen.

Na rufe littafin na ce, "Ba komai, Malam." Na san yadda na faɗe shi. Da zagi na yi da ya fi sauƙi.

Ya matso har ina jin ƙamshin gam a rigarsa. "Akwai komai. Ni na yanke. Ban duba ba, don na saba ganin duk abin da ya leƙo kuskure ne." Ya tsaya ya huta, magana tana gajiyar da shi. "Iya tana tara yankakkun takardun a buhu, tana hura gawayi da su. Na karɓo buhun. Ta yi kwana biyu tana ɗiba. Zan iya manna su, amma hannuna yana rawa, kuma ban san wanne ne na wane shafi ba. Kai ka sani. Ni kaɗai ba zan iya ba. Ina roƙonka ka zo."

Ya jira, sannan ya juya ya tafi. Na tsaya a ƙofa ina kallonsa har ya sha kwana, yana tafe yana dafa katanga. Ban faɗa masa cewa na tsaya a ɗakinsa da biro a hannu ba.

Litinin bayan tashi daga aiki na je. Ya shimfiɗa farin zane a ƙasa ya zazzage buhun a kai: siraran takardu dubbai, na littafi goma sha uku a cakuɗe, da ƙura da gashin tsintsiya. Iya tana zaune a bakin zanen ta miƙe ƙafafu tana tsincewa.

"Baban Auta, sannu da zuwa. Ka ganni nan, shekara talatin ina kwashe shara, yau an ce in dawo da ita. Da na sani da kwana biyun nan ɗanyen abinci na ci." Ta goge ido da bayan hannu ta harari Mai Waƙa. "Kai kuma, sarkin daidaita, ka daidaita mana ke nan."

Ya sunkuyar da kai. "Na ji, Iya."

Ta juyo wurina da baki buɗe. "Ka ji? Ya ce ya ji! Wallahi tun da nake ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba, har da can da yake da bakin."

Muka raba aikin. Iya da ni muna ɗaga kowane siriri a hasken taga, mai alamar fensir mu sa a faranti. Ni nake faɗin shafin, domin na haddace su. Shi kuma ya yanka takarda mai shara-shara, ya shafa gam da ɗan buroshi, ya haɗa bakin da bakin. Idan hannunsa ya fara rawa sai ya ce, "Riƙe mini," in danne wuyan hannun nasa da nawa har ya manna. Ba a fi biyar ko shida a yini, don sai kowanne ya bushe a ƙarƙashin ƙarfen guga. Mun yi mako uku.

Dole ta sa na riƙa karantawa da ƙarfi, tunda shi ba ya gani. Tun ranar jana'iza ban faɗi kalmominta a gaban kowa ba. Na karanta "Yunwa", Iya ta yi dariya har da tari. Na karanta "Ya Yesu, jarrabawa gobe", Iya ta sunkuya ta ci gaba da tsincewa. A mako na biyu na gaya masa yadda na tsaya a ɗakinsa da biro na kasa bar masa saƙo. Ya gyaɗa kai kawai ya miƙo mini buroshi.

Wata rana muka kai ga wani da na san yana zuwa. Na haɗa rabin biyu na karanta: "Yau Mai Waƙa ya ce na yi daidai. Sau ɗaya a shekara uku!" Ya ajiye buroshin.

"Kullum daidai take yi," ya raɗa. "Ban ga amfanin faɗa ba ne a lokacin."

Na tambaye shi, ba don neman wa'azi ba, ko har yanzu yana roƙon Allah ya mayar masa da murya. Ya ce ya yi shekara biyu yana roƙo, da fushi ma, yana lissafa wa Ubangiji shekarun da ya yi masa hidima. Ba a mayar ba. "Amma a bencin baya na fara jin waƙa. Shekara ashirin da shida kuskure nake saurare. A can na ji tsohuwar da ke jan baiti, da mutumin da ke shiga kafin lokaci, duk suna yi wa Yesu ne, kuma ban ga ya buga fensir ba. Na tuna matata." Ya taɓa ƙyallen wuyansa. "Ban ce na ji daɗin wannan ba. Ina dai faɗa maka abin da na samu a ciki."

Ban ce na yarda ba. Har yanzu ban san me zan samu a cikin nawa ba.

Mun sami sittin da huɗu. Bakwai sun shiga wutar Iya. A wuraren nan bakwai ya manna farar takarda, ya ba ni fensir, ya ce tunda na haddace, in rubuta su da hannuna idan na ga dama. Da muka gama, gefen littafin ya yi kauri, wani ganye ya leƙo, wani ya shige, ba ya ma rufuwa sosai. Na ga idonsa ya kai kan wuƙar, Iya ma ta gani.

"Ka kuskura!" in ji ta.

Ya ɗaga hannu biyu sama. Ya ɗinka wa littafin jakar yadi a maimakon haka.

Na kira mahaifiyar Auta na ba ta labarin duka. Ta tambaya ko na "Baba bai iya ta ba" yana cikin waɗanda aka samu. Na ce yana ciki. Ta ce za ta zo ta gani, ba ta sa rana ba.

Yanzu ranar Lahadi a bencin ƙarshe nake zama, kusa da shi. Ni nake riƙe littafin, shi yana bin layi da yatsa, idan an zo inda ta rubuta "numfashi" sai ya ɗan taɓa, in ja numfashi. Muryata ba ta da daɗi, Auta ta faɗi gaskiya. Wani lokaci ina ganin yatsan nasa ya ɗaga kamar zai buga bencin sau biyu, sai ya sauke shi a hankali a kan shafin. Farar takardun nan bakwai suna nan yadda ya manna su. Fensirin da ya ba ni yana cikin jakar littafin, ban fiƙe shi ba tukuna.