Alƙalin Wasan da Ya Zaro Aljihunsa

Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, ƙarfe tara da kwata na safe, ina teburina a tashar Djougou ina rubuta sunayen fasinjojin Parakou. Rediyon mai shayi magana ɗaya yake ta yi: wai an sayi alƙalin wasan ƙarshe na gasar ƙasashe. Wasu na cewa da hannun 'yan siyasa, ƙasar da ta ɗauki kofin na cewa hassada ce.

Ga wani dattijo siriri a gabana. Baƙar rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, usur na ƙarfe rataye a wuyansa. Ya ce in rubuta Massaoudou. Daga ganin ƙaurinsa, ya daɗe yana gudu a filayen unguwa.

Wani ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya hango usur ɗin. "Arbitir! Alƙalin wasa! Baba, kai nawa ne kuɗinka? Ko doya uku ta isa?" Tasha ta kwashe da dariya.

Dattijon ya ajiye jakarsa, ya zaro aljihunsa biyu waje. Carbi ne kawai, sai jan kati.

"Shekara ashirin da biyu haka nake yi a gaban kyaftin biyu kafin in busa," in ji shi. "Da, cewa suke, 'Haba Baba, mun san ka.' Jiya har safata suka ce in cire."

Ba wanda ya sake dariya. Na ba shi kujerar gaba.

Bayan wata biyu Awalu direba ya gaya mini ya gan shi a unguwar Banikanni, can Parakou. Ya bar alƙalanci, gadin wani sito yake yi. Usur ɗin na nan a wuyansa, ɓarayi yake busa wa yanzu.