Inde da Kunyar Maƙwabta

Inde mai bandar kifi ce a Madarumfa. Mijinta Shu'aibu yana su a tafki, ita kuma tana kai abin da ta banda kasuwar Ɗan Issa. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma duk garin an san ta da iya warware magana.

A shekarar 1971, bayan girbin gero, motar majigi ta zo daga Maraɗi. Aka ɗaura farin zane a filin lakwal, aka fara da nuna yadda ake adana gyaɗa, sannan aka sa wani fim na Turawa. Wani Bature ne matarsa ta rasu, ya shiga jirgin ƙarfe ya nufi taurari. Da ya komo gida sai ya tarar da matar da ranta tana shanya, karensa kuma yana ta yi masa haushi. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, wani mutum mai kama da shi sak ya buɗe. Nan fim ya ƙare.

Washegari da hantsi gardama ta kaure a bakin tafki. Shu'aibu ya ce aikin aljanu ne. Wani ya rantse mai majigin ne ya haɗa faifan a birkice. Mushe Idi, malamin lakwal, wanda shi kaɗai ya ji Faransancin, ya ce ƙila mafarki ne, amma shi ma bai tabbata ba.

Inde tana gefe tana fere kifi. Ta ce, "Mushe, mai mafarki kare na yi mai haushi ya kasa farkawa?"

"To, Iya, mi kika gani?"

Ta ɗauki wuƙa ta ja layi biyu a ƙasa. "Kunya biyu ne a gona, kusa da juna, ba su gamuwa. Duniya guda, ga wata gefenta, mutane iri ɗaya. A wagga matar ta mutu, shi ya sa ya yi tafiya. A waccan ba ta mutu ba, to mi zai fid da shi gida? Wajen komowa ƙafarshi ta zame, ya faɗa kunyar maƙwabta. Wanda ya buɗe ƙofa shi ne dai, amma wanda bai tafi ba."

Wani dattijo, Malam Usman, ya ce, "Inde, kada ki yi saɓo."

"Malam, labarin majigi nike faɗi. Kuma wanda Ya yi sammai bakwai, wuri zai yi Mai ƙaranci?"

Malam Usman ya shafa gemu ya ce wannan kam ba ya musu.

Shu'aibu ya ce, "To ni fa, mi nike yi a waccan kunyar?"

Ta dubi ƙwaryarsa mai 'yan tarwaɗa huɗu. "Maigida, can ka iya kamun kifi."

Dariya ta ɓarke, Shu'aibu ya fi kowa, har hularsa ta faɗa ruwa.

Maganar ta zauna a gari. Wanda jakinsa ya ɓace sai a ce masa yana nan a ɗayar kunyar yana cin harawa. Wata mata da ɗanta ya rasu ta zo har gida ta ce Inde ta sake faɗa mata labarin. Inde ta faɗa a hankali, matar ta yi kuka, sannan suka ci tuwo tare.

Daga nan duk lokacin da majigi ta zo, Mushe Idi yana fassara kalmomi, Inde tana kan turmi tana faɗin ma'ana. Wani lokaci su saɓa, jama'a kuma su bi nata.

A 1978 Shu'aibu ya kai ta gidan silima na Maraɗi, karo na farko. Fim ɗin Indiya ne. Ta fito tana raha, ta ce wannan ba ya buƙatar ta, kowa ya gane. Ta sayi rake sanda biyu, suka hau mota suka koma gida.