Ranar da Na Share Tulin Ƙasar Malam Haliru

Ku aje ludayi, ku matso kusa, ku 'yan matan da ke dafa wa ma'aikata abinci yau. Mai ji ya ji, mai gyangyaɗi ya wanke ido.

Ban taɓa mantawa da ranar da tsintsiyata ta kusa raba ni da aiki ba. Shekarun fari ne, cikin alif ɗari tara da tamanin da wani abu. Aka ɗauke ni, ni Ige, in dafa wa masu haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye bayan Amarawa. Da aikin nan nake ci da 'ya'ya huɗu. Babbanmu Malam Haliru ne, masanin duwatsu. Ƙasa da shi sai Bello mai tuƙa injin.

Ga yadda aikin yake. Duk sanda aka ƙara bututu ɗaya a rami, sai a ɗebi ƙasar da ta fito a tula gefe, tuli bayan tuli, a jere. Da jerin nan ake gane inda yashi mai ruwa yake, a saita bututu mai rariya daidai wurin. In aka kuskure, rijiya ta mutu. Ni ba wanda ya gaya mini.

Ran Juma'a maza suka tafi masallaci Illela. Na dubi fili, ga ƙasa tuli-tuli dab da murhuna, ga hakimi zai zo gaisuwa. Na ɗauki tsintsiya. Amma ni ɗiyar maginiyar tukwane ce, ba na gama ƙasa da ƙasa. Ja na tara don daɓe, fara na zuba a ƙwarya don shafe, yashi na aje don wankin tukunya.

Malam Haliru ya dawo, ya dafe kai.

"Inna Ige, mi kika yi?"

"Shara, ranka ya daɗe. Ko ba ta yi kyau ba?"

Bello ya ce, "Ta yi kyau ƙwarai. Kin share rijiyar mutane."

Malam ya bayyana mini, ya ce in ba a gano wurin yashi ba, dole ya faɗa wa manyansa wanda ya ɓata aiki. Na shiga tuna girkin da na yi cikin makon. Can na ce, "Yashin mai tsakuwa? Ran Laraba ya soma fitowa, ana kiran azahar, don da shi na goge tukunyar tuwo. Ran Alhamis da hantsi ya ƙare, baƙin laka ya biyo, ina suyar ƙosai, har ya fallatso mini a zane."

Ashe Bello na rubuta lokacin da ya ƙara kowane bututu. Ya duba, suka ƙirga, suka saita rariya bisa maganata. Aka shiga hura iska a rami don a ga ko ruwa zai fito, muna jira.

Jira ya yi tsawo. Na ce, "Malam, in babu, ku ƙara nisa har gindin duniya."

Ya yi dariya, ya ɗauki goriba cikin tasata. Ya ce duniya hawa-hawa take kamar wannan. Ɓawo a sama, kuma duk haƙar tamu ko ɓawon ba mu karce ba. Ƙarƙashinsa dutse mai zafi mai kauri, yana motsi a hankali. Can ciki narkakken ƙarfe, a tsakiya kuma dunƙulen ƙarfe kamar ƙwallon goriba. Ya ce saman a tsattsage yake, manyan falle-falle, suna tafiya kamar tsiron farce. Inda suka gogi juna, ƙasa ta girgiza.

Na ce, "Ƙanzo ke nan bisa tukunya mai zafi."

"Awo, Inna, kin gane."

"To mu da mutanen Ƙonni na ƙetaren iyaka fa? Nan iyaka ne tsagin yake?"

"A'a. Falle guda muke kai, tare muke tafiya."

Bello ya ce, "Kar 'yan kwastan su ji, su ce a biya kuɗin fito."

Muna cikin dariya ramin ya yi tari. Laka ya fito, jawur, sai ruwa ya biyo, ya yi ta haske har ya zama garau. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni zama na yi daɓas a ƙasa.

Malam ya ce, "Aikinki na nan. Laifina ne da ban gaya miki ba."

Abin da na koya ke nan: a wurin aiki, kar ki taɓa abin da ba ki san amfaninsa ba sai kin tambaya, kuma babba ya bayyana wa kowa, har mai murhu.

Malam Haliru ya koma Sakkwato yana koyarwa har ya tsufa. Bello ya sayi mota, yana jigilar albasa, Allah ya yi masa rasuwa bara waccan. Ni na yi shekara tara ina bin injin, rijiya bayan rijiya. Waccan ta bayan Amarawa kuwa, jikata ta yi aure can, kuma ruwanta take sha.