Na Je Taron Tashar Nukiliya da Akwatina a Ɗaure

Akwai ranakun da mutum yake mantawa da su tun kafin rana ta faɗi, akwai kuma wadda take samun ɗaki a zuciya ta zauna. Tawa wata Asabar ce a ƙasar Sin, ranar da na halarci taron sake kunna wata tashar wutar lantarki ta nukiliya, alhali akwatina yana ɗaure a gida ina shirin barin mijina. Ko tsufa zai ɗauke mini komai, ba na jin zai iya ɗauke wannan.

Ina amarya aka kai ni Guangzhou. Maigidana ɗalibi ne a lokacin, yana karatun makamashin nukiliya a wata jami'a. Ni kuwa duk abin da na sani game da aure a littattafan soyayya na kasuwa na koye shi, waɗanda muke haya muna karantawa a ɓoye. Na zo da mafarkin miji mai dogayen kalamai, wanda idanunsa za su kaɗa su yi ja in na yi tari. Sai Allah Ya haɗa ni da mutumin da duk soyayyarsa ba ta wuce, "Amarya, kin ci abinci?" ba. In na ce na ci, ya ce madalla, ya koma kan karatunsa. Nakan tsaya a taga daga can saman bene ina kallon ruwan sama yana wanke gari, ina jiran ranar da zai zama irin na littafi.

Cikina ya fara fitowa ke nan ya shigo da abin da ya kira albishir. Akwai wata tasha a bakin teku, da ɗan nisa daga birni, wadda aka tsayar tun kafin mu zo domin bincike da gyara. Yanzu masana sun ce ta daidaita, kuma ƙaramar hukumar yankin ta tsaya tsayin daka a sake kunna ta. In aka kunna, yana cikin ɗaliban da za a tura samun horo na wasu watanni, mu koma garin da ke kusa da ita.

Ya faɗi haka ne a gaban Hajiya, aminiyar Ummata, 'yar kasuwa daga Kano da take sauka wurinmu duk lokacin da ta zo saro kaya a kasuwar tufafi ta Shahe. Lomar da ta ɗauko ta mayar cikin kwano.

"Nuki me? Ba shi ne abin da ake bom da shi ba? Can za ka kai mini yarinya da ciki?"

"Hajiya, wuta ake samarwa da shi. Wataƙila ma wannan fankar da irinsa take juyawa."

"To kashe ta!"

Kafin la'asar labari ya isa Kano. Saƙonnin murya suka yi ta shigowa daga dangi, wannan ta ce tururin abin yana ƙona ciki, waccan ta ce 'ya'yan wurin ba sa gashi. Umma ta yanke hukunci: da zarar an loda kwantenar Hajiya a tashar jirgin ruwa ta Nansha, in biyo ta gida ranar Litinin. Kafin nan kuma in riƙa shan ruwan gishiri ina wanka da shi, yadda muka yi lokacin cutar Ebola. Wanda ya ga wancan lokacin ya san yadda unguwa guda ta tashi tana kwaɓa gishiri a bokiti, babu wanda ya tambayi wa ya fara faɗa. Hajiya ta sauka kantin ƙasa ta sayo har da na ajiya.

Gaskiya tsoro ya kama ni. Amma a ƙasan tsoron akwai wani ɗan daɗi da sai yanzu nake iya yi masa dariya: ga dama ta samu da zan ga irin son da ake yi mini. Na ɗaure akwati, na ajiye shi a inda zai gani, na shirya kalamaina. Da ya dawo da rana na tare shi da kofin ruwan gishiri a hannu, hawaye suna zuba daidai yadda nake so.

"Yau sai ka zaɓa. Ko ni ko tashar nan."

Na jira ya durƙusa. Sai ya karɓi kofin, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya zubar.

"Wannan zai riga tasha kai ki asibiti. Dubi ƙafafunki yadda suka kumbura." Ya ajiye kofin. "Ranar Asabar ƙaramar hukumar za ta yi taro da mutanen garin, sun ba da mota. Ki zo ki gani, ke da Hajiya. In kin gani kika ce tafiya za ki yi, ni zan kai miki akwatin filin jirgi."

Ban taɓa karanta amsa mai sanyi irin wannan ba. Na yi kuka na gaske a ranar.

Asabar muka hau mota. Hajiya ta zauna a bakin taga da carbi, ta rufe hanci da gefen mayafi tun muna cikin birni. Na yi zaton zan ga baƙin hayaƙi da matattun itatuwa. Abin da na gani gonakin ayaba ne, da kududdufan kiwon kifi, sai can a bakin ruwa wasu manyan gine-gine masu kai kamar kifaffiyar ƙwarya, shiru, tsuntsaye na shawagi a kansu. Garin ne ya fi ba ni mamaki. Layi guda na shagunan abinci duk a rufe, kujeru a kife a kan tebura. Maigidana ya ce tun da aka tsayar da tashar ma'aikata suka watse, masu ba da hayar ɗaki da masu dafa abinci suka rasa ciniki. Hajiya ta sauke mayafin daga hancinta, ta daɗe tana kallo.

"Na san wannan shirun," in ji ta a hankali. "Haka unguwarmu ta koma da masaƙa ta rufe saboda rashin wuta. A can marigayi mijina yake aiki. Da tana nan, me zai kawo ni ƙasar wasu sayen tufa da tsufana?"

A ƙofar zauren taron ana saka jakunkuna cikin na'urar bincike. Aka zo kan ta Hajiya, sai mai gadi ya zaro ƙullin farin gari a leda, ya ɗaga sama, ya kira abokin aikinsa. Layi ya tsaya cak.

"Lawban, gishiri ne!" Hajiya ta ce da shi, da sunan da take kiran kowane mai shago. "Matsala meyo, babu matsala! Kai injiniya, gaya masa mana, ka tsaya kana kallona."

Maigidana ya yi musu bayani da yarensu, har da dalilin da ya sa aka zo da shi. Wata tsohuwa da ke bayanmu, mai hular kaba da takalmin roba, ta fashe da dariya har tana dafa kafaɗar Hajiya. Ta ce su ma shekarun baya an taɓa yaɗa musu cewa gishiri yana maganin tururin, ta sayi buhu-buhu, har yau ba ta gama cinye shi ba. Hajiya ta ce, "Ashe wautar ba mu kaɗai ba ce." Suka shiga tare, suka zauna kusa da juna, ba mai jin yaren wata.

Shugaban ƙaramar hukumar ya daɗe yana jawabi, maigidana yana raɗa mana fassara. Ya yi maganar aikin yi, da makaranta, da asibitin da kuɗin tashar ya gina, ya ce masana sun duba komai. Irin jawabin da muka saba ji a gida ne, har na fara hamma. Sai tsohuwar nan ta miƙe. Ashe kifi take kiwo a ruwan da ke gaban tashar. Ta yi tambaya gajeriya, zauren ya yi tsit. Shugaban ya amsa a taƙaice, maigidana ya juyo gare ni.

"Ta ce, shi ina 'ya'yansa suke kwana? Ya ce suna birni wurin mahaifiyarsu, saboda makaranta."

Mutane suka yi ta gunaguni. Tsohuwar ba ta zauna ba. Ta ci gaba tana nuna ƙofa da hannu, maigidana kuma yana biye da ita da fassara kalma bayan kalma. Ta ce hanya ɗaya tal ce take fita daga garin, in wani abu ya faru da damina ba za ta ɗauki kowa da kowa ba. Shugaban ya amsa cewa haka ne, ba a gama faɗaɗa ta ba. Na dafa cikina. Na ɗauka za ta ce ba ta yarda ba. Sai ta ce a kunna. Ɗanta ya dawo gida saboda aikin tashar, ba ta so ya sake tafiya. Amma a kafa allon da ke nuna awon tururin a iska a tsakiyar kasuwa inda idonta zai gani kullum, kuma a gama hanyar. Ta ce za ta riƙa zuwa ofishin shugaban tana tambaya har sai ya gaji da ganinta. Aka yi dariya, shi bai yi ba, ya dai sunkuyar da kai ya ce ya ji.

Bayan taro muka yi sallar azahar a wani lungu kusa da ruwa. Hajiya tana lazimi, ni da maigidana muka tsaya muna kallon tashar daga nesa.

"Me ya sa ka fassara mini maganar hanyar nan?" na tambaye shi. "Da ka tsallake, ta ina zan sani?"

"In za ki zauna, ki zauna da saninki. Ba na so ki zauna don na rufe miki ido."

"Kai ba ka jin tsoronta?"

"Ina ji mana. Wanda ba ya tsoronta bai kamata a bar shi ya taɓa ta ba." Ya dubi ƙasa. "Na fi dai jin tsoron Litinin."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai ko kalle ni ba. Mutumin nan ya san kowace kalmar tsohuwar tana ƙara tura ni gida, kuma bai rage ko ɗaya ba.

A mota Hajiya ta ce ita dai ra'ayinta bai canza ba, garin ya ba ta tausayi amma tausayi ba ya tsare ciki. Ban yi mata musu ba. Washegari da safe na kira Umma da kaina, ni da ban taɓa ce mata a'a ba.

"Umma, ki yafe mini, zan zauna."

"Shi ya sa ki?"

"A'a, Umma. Shi ne ma ya gaya mini abin da zai sa in gudu."

Sai ta ce, "Ba ni shi." Ni na riga na gaya masa sharaɗina: zan bi shi, amma in haihuwa ta matso zan dawo birni kusa da babban asibiti, kuma duk abin da na tambaya game da aikinsa sai ya amsa mini da Hausar da zan gane. Umma ta ɗora nata a kai, yana ta "to, Umma, insha Allahu, Umma," gumi yana keto masa. Litinin Hajiya ta tafi ita kaɗai, tana mita a kan yaran zamani har bakin mota.

An kunna tashar bayan wani lokaci, muka koma garin. An kafa allon a kasuwa, nakan tsaya in duba shi in na je sayen kifi. Hanyar kuwa har muka baro ana aikinta, ban san ko an gama ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, tsoro ba dalilin gudu ba ne kullum, kuma amincewa ba rufe ido ba ce. Mutum yana iya cewa na yarda, ya kuma ci gaba da tambaya, ko a gaban hukuma ko a cikin ɗakinsa. Na kuma gane cewa mai lallashinka da daɗin baki zamanka kawai yake so. Mai ƙaunarka shi ne wanda zai gaya maka gaskiyar da za ta iya raba shi da kai, sannan ya tsaya yana jiran hukuncinka.