Kwanon Malamar Ingilishi

A gidanmu na New Bell, duk wanda ya kama haya ba ya hura wuta ranar da ya tare. Inna ce ke aika masa da tuwo, ko mai sallah ne ko mai zuwa coci. Haka na tashi na tarar, kuma ba a taɓa dawo mana da kwano da abincinsa a ciki ba sai a kan Malama.

Ta zo ne a shekarun da rikici ya tsananta a yankin masu Ingilishi, lokacin da motoci ke ta sauke mutane a Douala da katifu a ka. Doguwa ce siririya mai tabarau, kayanta duka jaka ɗaya, irin babbar jakar ledar nan ta 'yan kasuwa. Ni na kai mata tuwon, don ni ce mai jin Faransanci da buroka, wato Ingilishin kasuwa, a matan gidan. Ta yi godiya har da russunawa, ta ce ta ƙoshi. Na juyo da kwanon raina a ɓace, na ce wa Inna wannan dai 'yar girman kai ce, a rabu da ita.

Inna ba ta rabu da ita ba. Ta sake aikawa, aka sake dawowa da shi. Sannu a hankali muka lura murhun baƙuwar ba ya hayaƙi, sai burodi da ruwan zafi, wuyanta kuma kullum ƙara tsawo yake. Ina zaune kan keken ɗinkina na ja ta da hira, har ta faɗa mini malamar makaranta ce, an rufe makarantar, sun gudo ta daji. Ta zaga unguwar Akwa neman aiki har takalminta ya cinye. Ta ce ita da ta ciyar da 'ya'yan mutane ba za ta zauna ana miƙo mata abincin tausayi ba, gara ta koma garinsu. Na leƙa ɗakin, sai ga jakar a ɗaure a bakin ƙofa. Garin da take nufi kuwa, a makon nan ma an ce ana harbi a kasuwarsa. Nan fushina ya koma tsoro.

Da na gaya wa Inna, tana jan carbi, sai ta ce, "Malama ce, kika ce?"

Bayan la'asar ta yafa mayafi, ta tattaro Goggo, ƙanwar babanmu, da matar mahaucin da ke haya a ɗakin baya, ta sa ni gaba na yi tafinta.

"Ki ce mata mun zo neman ilimi. Ingilishi muke so. Ki kuma gaya mata, a wurinmu malami ba ya hura wuta, cinsa yana wuyan ɗalibai. Haƙƙinsa ne, wanda ya hana shi kuwa karatunsa ba ya albarka."

Malama ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta saman tabarau. Ta ce to, amma ita ba ta koyarwar wasa. Inna ta ce madalla, a zatonta za a ɗan rera baƙaƙe ne a tashi. Ashe rami ta haƙa mana, ita ta fara faɗawa.

Ƙofar madafa ta zama allo, gawayi ya zama alli. Muna zama a ƙarƙashin rumfa, in ruwan Douala ya sauko a kan kwanon rufi sai Malama ta ɗaga murya, mu ma mu ɗaga, har masu babur da suka fake a zaure su riƙa amsa mana. Da yamma a kai mata tuwo, da safe kwano ya dawo a wanke. Ranar da ya fara dawowa wayam Inna ta ɗaga shi sama tana nuna mana, bakinta har kunne.

Bayan mun iya gaisuwa da sunayen kayan miya, sai ta shigo da abin da ya fi damunta a duniya, wato cikakkiyar jimla. Ta ce kowace magana tana buƙatar wanda ya yi da abin da ya yi. Ta rubuta "in the kitchen", ta ce na fassara. Na ce, a madafa. Ta tambaya wa ke madafar, me yake yi? Babu. Goggo ta ce, "Ai wannan cefane ne, ba a ɗora tukunya ba." Sunan da ya bi irin wannan yankin magana ke nan har aka tashi ajin.

Sai ta rubuta "when the rain stops", wato idan ruwa ya ɗauke. Ta ce wannan yana da mai yi, yana da aiki, amma ba ya iya tsayawa shi kaɗai, sai ya jingina da wata maganar. Matar mahauci, da ɗanta a baya, ta ce, "Goyo ke nan." Malama ta sa na fassara mata, ta yi dariya har ta cire tabarau. Ranar na fara ganin haƙoranta. Daga nan duk wadda ta kawo cefane ko goyo ta ajiye a matsayin jimla, sai Malama ta buga ludayi a murfin tukunya, mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Guntu!"

Inna ce ta fi shan ludayi, don ita ko da Hausa ba ta ƙarasa magana. "In ba don darajar ubanki ba..." shi ke nan, sauran ke za ki cike da kanki. Ta ce wa Malama babba ba ya ƙarasa zance, mai hankali ke ɗauka. Malama ta ce a Ingilishi ko sarauniya sai ta ƙarasa. Rigima ta kai ƙarshe ranar da aka ce Inna ta faɗi wanda ya sayo shinkafar gidan. Yayanmu ne ya sayo, ɗan farinta, wanda ba ta taɓa kama sunansa ba, ko "ɗana" ba ta cewa. Ta gyara zama ta ce, "Bought rice." Ludayi ya yi ƙara. Ta sake cewa, "Bought rice," tana nuna ɗakinsa da haɓa. Muka yi ta dariya har Goggo ta shaƙe. Da na yi wa Malama bayanin alkunya, ta yi sassauci, aka daidaita a kan "somebody". Har yau a gidanmu yayana da furfurarsa Sambodi muke ce masa.

Watanni suka shuɗe a haka. Malama ta yi kumatu, ta fara tsintar Hausa, amma jakar nan tana bakin ƙofa a ɗaure, kaya kaɗan take zarowa ta mayar. Kullum na wuce sai na saci kallonta.

Matar mahauci ce ta ɓata mana shiri. An ba ta aikin gida ba ta yi ba, Malama ta yi mata faɗa, ita kuma bakinta ba linzami. Ta ce da buroka, yadda ba a buƙatar tafinta, "Madam, pardon, mu me za mu yi da Ingilishi? Don ki ci abinci fa muke zaman nan!"

Malama ta ajiye gawayi, ta goge hannu, ta shige ɗaki. Da na iya da na shaƙe matar nan a wurin. Inna ta zuba tuwo ta kai da kanta, ta ajiye a bakin ƙofa. Washegari kwano bai dawo ba. Da hantsi muka ga ɗakin da kwaɗo. Inna ta kasa karyawa, ta zauna tana kallon zaure, ta ce, "In dai yarinyar nan ta hau mota..." Wannan karon ba wanda ya ce mata guntu.

Wajen azahar sai ga Malama da kaya a ka: gwaza, manja, kanwa da sabuwar tukunya. Nama kuwa a wurin mahaucin, mijin mai bakin nan, ta saya, don kada wani ya yi shakkar yanka. Ta ari turmi, ba ta kula kowa ba, ta yi ta daka har la'asar. Sannan ta fito da kwanon Inna a cike da acu, abincin garinsu, sakwarar gwaza da miya rawaya a tsakiya. Ta durƙusa ta ajiye gaban Inna, ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, "Mama, ni na dafa. Ku za ku ci."

Sauran ta faɗa da buroka. Ta ce tun makon farko ta gane dabarar, wace tsohuwa ce za ta nemi Ingilishi da carbi a hannu? Ta yi shiru ne don yunwa ta fi ƙarfinta, daga baya kuma don ajin ya yi mata daɗi. Amma a garinsu ma ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, ita kuwa ta daɗe tana yi, abin yana cin ta. Hukuncinmu, in ji ta, jarrabawa ranar Asabar, matar mahauci kuma a layin gaba.

Inna, wadda ba ta cin girkin waje ko na biki, ta wanke hannu, ta tambayi yadda ake ci. Aka nuna mata da yatsa ake lakata. Ta kai baki, yaji ya sa ta hawaye, ko dai yajin ta fake da shi. Ta jawo Malama ta zaunar kusa da ita, muka kewaye kwanon gaba ɗaya.

Da na kai wa Malama turaren wuta bayan mun gama, na tarar da kayanta a rataye a ƙusa, littattafai a jere kan taga. Jakar tana bayan ƙofa a buɗe, ta zuba gawayi a ciki.